Kifi Mai Koriyar Ƙaya

’Ya’yana da jikokina, ku da kuke ce mini Sitti maimakon Kaka kuna sulalewa da zarar na fara Hausa, wannan babin da Hausa za ku karanta shi, ko kun ƙi ko kun so. Ni nake faɗa, Zainab matar ɗana Usman take rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara ko kalma ɗaya da sunan rufa mini asiri. Na riga na gaya muku yadda aka haife ni a unguwar Misfala ta Makka, da yadda na auri kakanku Malam Idi. Yanzu na iso wurin da na daɗe ina kewayewa. Akwai wata magana da kuka tashi kuka tarar tana yawo a kan Saude, wadda manyanku suke ce wa Hala Saude maimakon Gwaggo. Wasunku a bakin mutane suka ji ta, wasunku kuwa, Allah ya yafe mini, a bakina. To ƙarya ce. Ni na ƙirƙiro ta, kuma a kan kifi.

Saude ’yar Damagaram ce. Mijinta ya kawo ta tana amarya, ya yi aikin dako a tashar jirgin ruwa ta Jidda, sannan suka dawo Makka, ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Haruna. Ni a nan aka haife ni, ina da takardar ƙasa, ita kuwa da iƙama take zaune, ana sabuntawa. Ku riƙe wannan, don zai yi nauyi nan gaba. Kusan shekara talatin muna girkin sayarwa tare a ɗakin ƙasa na benen gidanmu: tuwon shinkafa, miyar kuka, waina, duk abin da alhaji Bahaushe yake nema in cikinsa ya gaji da abincin Larabawa. Ita ce hannu, ni ce baki. Ni nake faɗa da masu kawo kaya, ni nake tsokanar alhazai har su ƙara kwano, ita tana gaban tukunya ko tari ba ta yi. Mace ce da in ka taka ta sai ta ce maka sannu, ni kuwa kun san ni, ba a gama magana nake ba da amsa. Ita ta karɓi haihuwar Usman kafin a samo mota. Makullin akwatina a wurinta yake kwana. Ban taɓa kiran ta da suna a gaban mutane ba, Yaya nake ce mata.

A shekarar da nake ba ku labari, Malam ya ga maƙwabta suna mayar da kowane lungu masaukin alhazai, sai ya ce shi ma ɗakin ƙasa yake so. Gidansa ne, ba wanda zai hana shi, amma da zai faɗa sai ya faɗa a gabanta, ba ko sassautawa, kamar yana sallamar ɗan haya. Ni kuma ban tare mata ba, ni da ba a raba ni da magana. Saude ta kwashe tukwanenta ɗaya bayan ɗaya ta hau da su rufin gidan da take haya, ta ci gaba da girki a can cikin rana. Kwana goma ba ta leƙo mu ba, ni ma kunya ta hana ni zuwa. Ran Alhamis bayan azahar sai ga sallamarta, tana ɗauke da kwano a rufe.

“Haruna ne ya dawo daga bakin teku da motarsa, ya taho mini da kifi,” in ji ta. “Na san Malam da son kifi. A ba shi, a ce ina gaishe shi.”

“Yaya, ki shigo mana ki zauna.”

“Na bar tukunya a wuta, Rakiya. Wani jiƙon.”

Na ji daɗi har cikin raina, na ce shi ke nan an huce. Ina azumin ramuwa a ranar, kuma kun san tarbiyyar da aka yi mana, kwanon da aka ce na maigida ne ba mai buɗe shi sai shi. Na kai masa ɗaki yadda aka kawo, na ja ƙofa. Ya ci shi kaɗai, ya rufe kwanon, ya fito yana suɗe yatsa yana sa mata albarka. Ana kiran la’asar ya tsuguna alwala, sai na ji buta ta faɗi. Na fito na tarar da shi kwance a gefe ɗaya, bakinsa ya karkace, idonsa a kaina, yana son magana ba hali. Usman ya kinkime shi zuwa mustashfa, wato asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama, ya ce an daɗe ana gaya masa ya sha magani ba ya sha, kuma gaskiya ne, ni shaida ce.

Washegari da hantsi na dawo gida ɗaukar masa kaya. Na ga kwanon Saude a inda ya bar shi, na ce bari in wanke kafin ya yi wari. Na ɗaga murfi. Ƙayoyin kifin kore ne. Ba ina nufin sun yi funfuna ba, ko miya ta rina su. Kore shar, mai ɗan shuɗi-shuɗi, irin tsatsar da take fitowa a jikin tsohuwar butar tagulla. Dogon ƙashin baya ga shi nan tun daga wuya har wutsiya, da ƙananan ƙayoyi jere, kowace ɗaya kore. Na ɗauko wuƙa na kankare, kore. Na karya biyu na duba ciki, kore. Na sa sabulu na cuɗa a bakin famfo har yatsuna suka yi zafi, ko gezau. Innalillahi! Sai na zauna daɓas a ƙasan kicin.

Kada ku yi mini dariya, ku da kuke latsa waya ta gaya muku komai. Ni kifin da na sani shi ne busasshiyar tarwada da alhazai suke kawo wa Inna mahaifiyata tsaraba, sai najil da sha’ur na kasuwa in an samu hali, kuma duk ƙayarsu fara ce. Muna zaune tafiyar awa ɗaya da ɗoriya daga teku, amma ban taɓa sa ƙafata a ruwansa ba, Jidda ma filin jirgi kawai na sani da gidajen biki. Inna kuwa tun muna yara take ce mana koren tagulla guba ne, ta kuma cika mana kunne da labarin sammun da ake bai wa mutum a abinci a ƙauyensu. Sai na zauna ina jera abubuwa. An kore ta daga ɗaki. Ta yi kwana goma ba ta zo ba. Ta kawo kwano ta ce na Malam ne, ta san ba zan buɗe ba. Ta ƙi zama. Ya ci, ya faɗi. Wallahi a wannan lokacin da za a ba ni Alƙur’ani in dafa da na rantse ban yi kuskure ba. Na ƙulle ƙayoyin a gefen mayafina.

Kafin a tafi Juma’a gidan ya cika da matan unguwa masu jaje, har bakin matakala. Ana cikin haka sai ga Saude da fulas ɗin kunu a hannu, idonta ya kumbura don kuka, wai ta dama ne a kai wa Malam. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kwance mayafi na watsa mata ƙayoyin a ƙirji, suka zube a kan darduma, mata suka sunkuya suna kallo, sai salati ya tashi ta ko’ina.

“Me kika ba mijina?” na ce. “Faɗa wa mutane abin da kika zuba masa!”

Ta dubi ƙasa, ta dube ni, kamar ba ta gane yaren da nake yi ba.

“Rakiya, ai haka ƙayarsa take. Haka Allah ya halicce shi.”

“Kada ki sa Allah a cikin aikinki! A gidan uban wa kika taɓa ganin kifi da koriyar ƙaya? Kai jama’a, akwai wadda ta taɓa gani?”

Ba wadda ta taɓa gani. Duk irina ne, ’ya’yan tudu, jikokin masu cin tarwada.

“Baban Haruna yana kawo mana shi tun muna Jidda,” in ji ta. “Ki bari Haruna ya sake kawo wani ɗanye, ki yanka da hannunki ki gani.”

“Ki kawo wani ki ƙarasa ni ke nan? Saboda ɗaki, Saude? Saboda ɗaki ɗaya za ki kwantar mini da miji? Matsafiya!”

Ranar ce na fara kiran sunanta gatsau a cikin mutane, kuma da wannan kalma na haɗa shi. Ta ajiye fulas ɗin a bakin ƙofa a hankali, kamar tana tsoron kada ya yi ƙara, ta nemi takalmanta ta fita. Wata tsohuwa ta sa ƙafa ta ture fulas ɗin waje. Ni kuwa ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, har muryata ta dushe.

Kun san abin da kalmar sihiri take jawowa a ƙasar nan, har ran mutum tana iya ci, ba sai na faɗa ba. Ba wanda ya kai ƙara hukuma, amma matar da take zaune da iƙama ba ta bukatar a kai ta ƙara kafin tsoro ya cinye ta. Daga baya na ji duk motar da ta tsaya a bakin layi sai ta ɓuya a bayan tankin ruwa. Ciniki kuwa ya mutu a mako guda, don wa zai ci tuwon matar da aka ce ta rina ƙashi? Masu kawo mata alhazai suka janye. Haruna ya sake kawo kifin kamar yadda ta ce, ta bi gida-gida tana roƙon a zo a gani, ba wadda ta taka ƙofarta, suka ce wadda ta iya sau ɗaya ai za ta iya sau biyu. Ni ce na fara faɗin haka. Kafin aikin hajji ya zagayo ta bar Misfala, suka koma wata unguwa can saman dutse a hanyar fita gari, inda mota ba ta kaiwa ƙofa. Ni kuma duk bikin da na je, duk suna, duk gaisuwar mutuwa, sai na ba da labarin, kuma kun san na iya ba da labari.

Malam ya dawo gida a keken guragu. Hankalinsa garau, yana jin komai, amma magana ta tafi, ba abin da ya rage a bakinsa sai “Allah” da wani gurnani. Rubutu ma ya gagara, don hannun daman ne ya mutu. Abin da yake damuna har yau shi ne, duk lokacin da na ambaci Saude ina tsine mata, sai ya hau dukan katifa da hannun hagu, yana gurnani, hawaye yana bin kuncinsa. Sai in dafa shi in ce, “Yi haƙuri Malam, na sani, Allah zai saka maka.” Sai ya ƙara duka. Shekara uku muna haka. A cikinsu ne aka zo aka yi wa layinmu alama, aka rushe shi tare da ɗakin ƙasan da aka yi rigimar a kansa, muka dawo nan Rusaifa, maƙwabta kuma kowa ya kama gabansa.

Wata Asabar da sanyi ya shigo Usman ya ce zai kai babansa Shu’aiba ya sha iskar teku, wai zaman ɗaki yana ƙara masa ciwo. Na ce ni me zan yi a bakin ruwa da tsufana? Ya ce, “Ummi, halas, ya isa haka, ki shiga mota kawai.” Muka isa bayan la’asar. Ashe haka teku yake! Ni na ɗauka zurfi ne tun daga baki, sai na ga ruwa iya gwiwa ya miƙe nesa, garau, ana hango yashi da ciyawa a ƙasa, sai can gaba inda duwatsun murjani suke ya yi duhu. Usman ya tura keken har bakin ruwa, kusa da wani tsohon masunci da yake zaune a gefen kwale-kwalensa yana gyaran kamun ranar. Baƙi ne kamar mu. Da ya ji ina yi wa Usman faɗa da Hausa kada ya jiƙa ƙafar babansa, sai ya yi dariya ya gaishe mu da wata karyayyar Hausa, wai kakansa daga Yawuri ya zo da ƙafa. Sunansa Ammu Salim, wato Baffa Salim.

Ina tsaye sai na ga wasu abubuwa dogaye a saman ruwa, uku ko huɗu, sun jeru ba sa motsi. Na ɗauka karare ne. Sai ɗaya ya fizga kamar an harba shi, ƙananan kifaye suka watse suna tsalle.

“Ammu, mene ne wancan? Maciji?”

“Kambarur ne, Hajiya. Ga ’yan’uwansa nan a kwando.”

Ya ɗago ɗaya ta wutsiya. Tsawonsa ya kai hannuna tun daga kafaɗa, siriri, bayansa kore-kore, cikinsa fari kamar azurfa, bakinsa dogo mai tsini kamar basillar ɗinkin buhu, cike da ƙananan haƙora. Tsohon ya samu mai saurare, sai ya saki baki, rabi Larabci rabi Hausa. Ya ce shi wannan ba ya son zurfi, rayuwarsa duk a fatar ruwa take, kusa da gaɓa, wurin ciyawa da bakin murjani inda ƙananan kifi suke taruwa. Tsuntsu in ya duba daga sama sai ya ga kalar ruwa, babban kifi in ya duba daga ƙasa sai ya ga hasken sama, shi ya sa yake kwanciya abinsa kamar kara har abinci ya zo wucewa, ya kaɗa baki ta gefe ya cafke, ya juya shi ya haɗiye ta kai. Ya ce ba shi da tumbi ma, hanji ne ɗaya miƙaƙƙe. Macen takan zuba ƙwai masu ɗan zare-zare da suke maƙalewa a ciyawar ruwa, kuma ɗan in yana ƙarami leɓen ƙasa ne yake fara tsawo, na sama ya biyo daga baya. Wai wani lokaci ko ƙugiya ba ya sa masa, curin zare kawai yake ja a bayan kwale-kwale, haƙoran su sarƙe a ciki. Sannan ya ɗage zaninsa ya nuna wa Usman wani tabo a cinya, rami guda.

“In ya ga fitila a kan ruwa haukacewa yake, ya taso sama kamar mashi. Wannan tun ina saurayi ne, bakin ya karye a ciki, sai da likita ya ciro. Shi ya sa ba ma haska ruwa barkatai inda yake.”

Ina jin sa ne da rabin kunne, don Malam ya fara gurnanin nan nasa, yana dukan hannun keke, yana miƙa hannun hagu wajen kwandon. Usman ya ce ko yana sha’awa ne, a gasa masa ɗaya. Tsohon ya shimfiɗa kifin a kan katako, ya tsaga shi tun daga wuya, ya buɗe shi biyu. Naman fari tas. A tsakiyarsa kuwa ga ƙashin baya nan kwance, da ƙayoyinsa jere.

Kore.

Kifin da aka ciro daga ruwa ɗazu, a gabana aka tsaga shi, ba tukunya, ba miya, ba hannun kowa. Na ji kamar an ɗauke sautin duniya. Na ce ya tsaga wani. Ya dube ni, ya tsaga. Kore. Na ce wani. Na karɓi wuƙar da kaina, na tsaga na huɗu har na yanke yatsa.

“Ammu, wa ya yi musu haka?”

“Wa kuwa? Haka Allah ya halicce shi, Hajiya. In an dafa ma ya fi haka kore. Baƙi da yawa suna tsoro, amma ba ya komai, ni da shi aka yaye ni.”

Haka Allah ya halicce shi. Ko kalma ɗaya bai canza ba daga abin da Saude ta faɗa. Sai na ji an ja mayafina. Malam ne. Ya sa hannun hagu ya ɓalle ƙashin bayan daga kan katakon, ya ɗaga shi daidai fuskata, yana jijjiga shi, yana kuka kamar yaro, yana cewa “Allah, Allah.” A nan na tuna, kafin mu yi aure Malam ya yi shekara biyu yana aikin gini a wani gari na bakin teku. Ya san kifin. Ya san shi tun ranar da ya buɗe kwanon. Shekara uku bawan Allah yana kwance yana ce mini ƙarya nake yi da hannu ɗaya, ni kuma ina ce masa Allah zai saka masa. Na durƙushe a cikin ruwan da abayata, ban san na yi ihu ba sai da na ga mutane sun taso.

Washegari Usman ya binciko gidan Saude. Na hau dutsen nan da ƙafa, ina hutawa a kowace kwana, da kifin ɗaya a leda kamar wata shaida. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta rame, ta yi furfura fat. Na zube a gabanta na kama ƙafarta.

“Yaya, na gani. Na gani da idona. Wani masunci ya tsaga a gabana, ya ce haka Allah ya halicce shi.”

Ta daɗe tana kallon ledar.

“Tun yaushe kika san masuncin?”

“Jiya.”

“Jiya,” in ji ta. “Ni kuma shekara talatin.”

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta tambayi jikin Malam. Ta sa aka kawo mini ruwa. Na yi ta kuka ina roƙo, har ta ce in tashi haka nan, ƙasa da sanyi.

“Na yafe miki tun tuni, Rakiya, don ba na son in tsaya da ke gobe a gaban Allah. Amma abu ɗaya nake so. Haruna yana da ’ya’ya mata, ana ce musu jikokin matsafiya. Duk wadda kika gaya wa, ki koma ki gaya mata wannan.”

Na ce wallahi zan yi, ko da rarrafe. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na koma Misfala, sai na rasa ma inda layinmu yake, wani dogon otal ne a wurin da masu gadi a ƙofa. Matan da suka cika ɗakina ran Juma’ar nan sun watse, wasu Jidda, wasu Madina, wasu an mayar da su ƙasashensu, tsohuwar da ta ture fulas ta rasu. Waɗanda na samu na gaya musu, har hoton kifin Usman ya sa mini a waya ina nunawa. Wasu suka yi salati suka ce Allah ya kyauta. Wasu suka ce, “Kai Rakiya, kin cika kirki, har kare ta kike yi.” Wata ma cewa ta yi ai Sauden ce ta juya ni. Alhazan da suka ji labarin a bakina kuwa, suka tafi da shi Kano da Maraɗi da Sakkwato, ina zan gan su? Na yi shekaru ina wannan yawo, Malam ya rasu a cikinsu. Saude ta zo gaisuwa, ta zauna a bakin ƙofa, ta yi addu’a ta tafi. Muna gaisawa da salla, amma ba ta ƙara cin komai a gidana ba, ba ta kuma ƙara aiko mini da kwano ba.

Bara ta rasu, aka yi mata salla a Harami bayan la’asar. A rana ta biyu ta zaman makoki ina zaune a cikin mata a gidan Haruna, ina jan carbi, sai wata yarinya matashiya da ban taɓa gani ba ta zauna kusa da ni. Aka zagayo da gahawa da dabino, na ɗauka, ita ta girgiza kai. Da mai rabon ta wuce sai ta matso ta rage murya, irin ta mai yi wa tsohuwa alheri.

“Hajiya, da kin ajiye. Ni miji ne ya tilasta mini zuwa, amma ba na cin komai a gidan nan. Ba ki san marigayiyar ba? Ita ce ta sa wa wani malami sammu a kifi har ƙaya ta koma kore.”

Na dube ta da kyau. Yarinyar nan ko tafiya ba ta fara ba lokacin da abin ya faru.

“’Yata, ƙarya ce,” na ce. “Kifin ne haka, akwai shi a teku, ni na gani. Wa ya gaya miki wannan magana?”

Ta dube ni da tausayi, ta gyara mayafinta.

“Ayya Hajiya, ke dai ba ki sani ba ne. Ai ba a bakin maƙiya aka ji ba. Aminiyarta ce ta faɗa, da bakinta.”